Gurun Inna da Na'urar Leƙen Ƙasa

Har gobe ban manta da ranar da na kusa korar kaina daga aikin nan ba. Ku sabbin zuwa Lyon, ku saurara, don ku ma za a tura ku fili.

Shekarata ta farko ce a labo, ɗakin binciken kayan tarihi, ina staj, wato koyon aiki. Shugabarmu Madam Odil ta faɗa mini tun farko: in na yi aikin fili lafiya, za a ba ni kontara, wato takardar ɗauka aiki. Muka taso daga Lyon, muka ɗauki kayan aiki a Paris, muka wuce wani ƙauyen masunta a bakin teku, inda ruwa ke cinye kufan wata tsohuwar tashar jiragen ruwa. Izinin sati guda aka ba mu.

Ba a fara tono da ka. Sai an bi filin da na'urar maganaɗisu, ita ke nuna katangar da ke binne. Tsofaffin ƙauyen, 'yan sa-kai, suna ja mana igiyoyi layi-layi, ni kuma in saɓa na'urar in bi kowane layi, in je in dawo. Doka ɗaya ce: mai ɗaukarta ba ya zuwa da ƙarfe, ko maɓalli ne. Wandona ma na roba-a-ƙugu na saya.

Kwana biyu muna wannan safa da marwa. Da aka buɗe hoton a ordinata, wato kwamfuta, ba katanga ba dalilinta, sai zane-zane kamar bargon saƙi. Madam ta caje aljihuna, ta duba takalmina, babu komai. Ta ce to ko na'urar ce ta lalace, gobe a mayar da ita Lyon, aikin bana ya tashi ke nan.

Ina alwalar la'asar hannuna ya taɓa ƙuguna, sai na tuna. Guru ne Inna ta ɗaura mini ranar da zan bar Damagaram, ta ce kada in kuskura in raba shi da jikina. Ni a wurina fata ce da addu'a. Na matsa shi, sai na ji abu mai tauri a ciki. Innalillahi!

Wallahi na yi tunanin yin shiru. Wa zai sani? Amma tsofaffin nan kwana biyu suna duƙe kan igiya. Na je na ce, “Madam, kawo na'urar kusa da ni.” Tana kawo ta ƙuguna, lambobi suka haukace. Na ɗaga riga, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Ta ce, “Isufu, mene ne wannan?”

Na ce, “Na mahaifiyata ne. Ban san da ƙarfe ciki ba.”

“Za ka iya cire shi?”

Na dafe gurun da hannu. Sai Mushe Iv, wato Malam Iv a bakin Faransawa, wani tsohon masunci cikin masu jan igiya, ya tafi motarsa ya dawo da gwangwanin alawa. Ya buɗe: 'yar sarƙa ce da hoton waliyyinsu. Ya ce uwarsa ta rataya masa ranar da ya fara shiga teku, bai taɓa cire ta ba sai satin nan, gudun kada ta rikita na'urar. “Kawo naka, yaro. Su zauna tare, su yi hirar iyayenmu.”

Na kwance na saka. Muka sake aikin kwana biyun daga farko, katangar tashar ta fito sarai. Kontara kuwa, Madam ta ce don na yi magana ta ba ni, ba don katanga ba.

Abin da na koya ke nan: in hoto ya ɓaci, fara cajin kanka kafin ka zargi na'ura. Kuma kada ku raina 'yan sa-kai. Da na gaya wa Inna a waya, ban sha faɗa ba. Sunan uwar Mushe Iv kawai ta tambaya, wai za ta sa mata albarka.