Takardar da Na Riƙe Saboda Kunya

A zamanin mulkin farar hula na biyu ni ne shugaban ma'aikatan jinya a wani ƙaramin asibiti da ke wajen Shagari. Mutumin Kajiji ne ni, shekaruna ba su kai arba'in ba, kuma ana yabona da ladabi. Muna da ɗakin tiyata da likita ɗan bautar ƙasa, amma ba mu da mai sa majinyaci barci kafin a yanka shi.

Koyon wannan aiki ba kamar karatun aji ba ne. Dole ɗalibi ya tsaya a kan majinyaci, malaminsa na gefensa yana kallon hannunsa. Babban asibitin da ke koyarwa malami ɗaya gare shi, don haka 'yan kaɗan yake iya ɗauka. Wata shekara aka ba mu gurbi guda, aka kawo mini takarda aka ce in rubuta suna in aika kafin ƙarshen wata. Na san wanda ya dace: wani ma'aikacinmu mai natsuwa, wanda hannunsa ba ya rawa. Sai dai akwai dattijo a cikinmu, abokin mahaifina, wanda ya koya mini riƙe allura. A tarbiyyarmu ba a tsallake babba. Na je gidansa, na durƙusa, na ce Baba ga abin da ya zo. Ya yi dariya ya ce wato so nake a mai da shi ɗan makaranta da furfurarsa, sannan ya ce in bari ya yi shawara.

Na san ba zai je ba. Shi ma ya sani, amma ba ya so a ce ya ji tsoro. Sau biyu ma'aikacin nan yana tare ni, yana cewa ranka ya daɗe kwanaki fa suna tafiya, ni kuma ina ce masa ya yi haƙuri. Kunya ta hana ni komawa in tambayi Baba. Wata ya ƙare, aka ba wasu gurbin. Na ce baɗi ma rana ce. Kafin baɗi gwamnati ta tsuke bakin aljihu, malamin ya koma ƙasarsu, aka daina ɗaukar kowa.

Lokacin cirar albasa aka kawo ƙanena daga gona bayan azahar, ƙaba ta murɗe masa, yana amai. Likita ya duba ya ce aikin bai fi ƙarfinsa ba, amma ba zai sa wuƙa a cikin mutumin da ba mai kula da numfashinsa ba. Ma'aikacin nan yana tsaye a wurin. Shi ne ma ya je neman motar da za ta kai ƙanena babban asibiti. Man fetur ya yi wuya, sai bayan la'asar muka samu akori-kura. A hanya ƙanena ya ce mini, Yaya, albasar da aka cire tana fili, a sa a rufe ta. Mun wuce Boɗinga kaɗan ya cika, kansa a cinyata.

Na yarda kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma na san abin da aka ɗora mini na kasa. Baba ya zo gaisuwa ya zauna kusa da ni, ba wanda ya iya duban wani, har ya rasu ba mu tayar da maganar ba.

Ina kira ga duk wanda aka ba amanar zaɓen mai zuwa koyon aiki: gurbi ba ya jira, kuma ba naka ba ne balle ka yi kara da shi. Girmama babba wajibi ne, amma ka je ka tambaye shi karo na biyu, ko da kanka a sunkuye. Ni ban je ba, kuma ni na reni 'ya'yan ƙanena huɗu ba tare da na taɓa gaya musu dalili ba.