Ranar da Aka Shafe Ramukan Dara

Har yau in na tuna shugaban leburorinmu na garin Sabha, can ƙasar Larabawa, sai raina ya ɓaci. Ɗan ƙasarmu ne fa, ba Balarabe ba!

Zamanin kuɗin mai ne, gini ta ko'ina, mu kuma muna ɗaukar bulo a wani shantiye, wato wurin gini, a unguwar Manshiya. A cikinmu akwai wani dattijo mutumin Tawa, Baba muke ce masa. Wani direba ya kawo masa labarin rasuwar matarsa, wata biyu bayan an binne ta. Tun ranar Baba ya daina magana. Aiki yana yi, amma abinci sai an matsa masa, in ya zauna sai ya ƙura wa bango ido. Muka fara tsoron kansa zai taɓu.

Wata rana da hutun azahar ni da abokina muka haƙa ramukan dara a rairayi, shi da tsakuwa, ni da ƙwallon dabino. Na yi wani motsi na shirme, sai muka ji murya a bayanmu: "Kai ɗan nan, da ƙeya kake kallo? Tashi!" Baba ne. Ya ture ni, ya cinye abokina sau uku yana yi masa tsiya. Ranar ya share taliyarsa har ya ɗebi tawa. Kusan wata guda kullum muna yi, mutum ya dawo mutum.

Sai ga shugaban namu. Wai caca ce. Caca da ƙwallon dabino, jama'a! Wai ƙatti da gemu muna tonon ƙasa kamar kaji, muna kunyata shi gaban mudir, babban manajan wurin. Mudirin da shi kansa yakan tsaya kallo yana dariya! Ya sa takalmi ya shafe ramukan, ya ce duk wanda ya sake haƙawa ya nemi wani aikin.

Baba ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya kau da kai. Ni ma na sunkuyar da kai, ina tsoron a kore ni.

Shirun Baba ya dawo fiye da na da. Kafin azumi Baba ya fara yawo cikin rana ba takalmi. Aka ce iska ce, aka yi ta ba shi rubutu. Daga ƙarshe aka sama masa wuri a kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa Agadas. Ni na riƙe hannunsa har bakin motar, na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ɗan wane ne?"