Injin Baba Nnanna da Ragon Hajiya

A bakin kakarta, Hajiya Baturiya, ne Husaina ta fara jin sunan. Duk lokacin da tsohuwar ta yi tuntuɓe a zaure sai ta dafe ƙauri ta ce, "Nnanna, Allah ya isa!"

Da Husaina ta yi wayo ta gane mai sunan ɗan hayarsu ne, mai sayar da kayan gyaran babur a kasuwar Azare. Abin tuntuɓen kuwa tsohon injin jirgin ruwa ne, wanda mahaifin Nnanna ya yi dakon doya da shi a kogin Neja. Shi kaɗai ne gadonsa. Nnanna ya ɗauko shi ya kawo garin da ko kwalekwale babu, fistin ɗinsa, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinsa, a cije da tsatsa tun kafin a haifi Husaina.

Kowane mako Baba Nnanna zai ɗura masa man gyaɗa da kananzir, ya ɗora guntun itace a kan fistin, ya buga da taɓaryar Hajiya, yana lallashinsa da Igbo. Ko gezau. Amfanin injin ɗaya ne: a jikin hannun da ake murɗawa a tayar da shi Hajiya ke ɗaure ragonta.

Da bikin yayar Husaina ya matso, Hajiya ta yanke hukunci.

"Ɗan nan, baƙi ba za su karye a zaurena ba. Ko injin nan ya tashi, ko 'yan gwangwan su kwashe."

"Mama, babana ne fa wannan."

"To babanka ya cika nauyi."

Bai tashi ba. Ranar da 'yan gwangwan suka zo, Nnanna ya rungume injin ya ƙi saki. Suna cikin ja-in-ja kurarsu ta ƙarfe ta kife da ƙara. Ragon ya firgita, ya fizgi igiya da dukan ƙarfinsa. Sai aka ji ƙas! Hannun ya juya, fistin ya yunƙuro, ya watsa wa Hajiya man gyaɗar shekara da shekaru tun daga ɗankwali har silifas.

Kwana kaɗan bayan haka injin ya tashi, 'yan ga-ruwa na ɗura masa ruwa don kada ya yi zafi, tunda babu kogin da zai sha. Hayaƙinsa ƙanshin suya zalla. Matan unguwa suka fito da kwanuka suna tambayar wa ya fara tuyar ƙosai. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce a mayar da shi ƙarƙashin darbejiya ya zauna.

Da Nnanna ya ji Husaina ce mai riƙe labaran gidan, sai ya ja ta gefe.

"'Yata, in za ki ba da labarin nan, ki ce ni na gyara shi. Don Allah kada ki ambaci ragon."