Kanwa a Ruwan Kifin Baffa

Baffa, mahaifina, cikin shanu ya tashi kuma cikinsu ya tsufa, can wajen Beli. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, sai 'yan'uwa suka karɓi kiwon, ni kuma na ɗauko shi zuwa gidana a Rogo. Tun da ya zo ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Fura ma sai an sha lallashi kafin ya kurɓa. Ni kuwa kowa ya san ba ni da haƙuri, har faɗa nake yi masa kamar ni na haife shi.

Ƙanwata da ke aure a Kano ce ta zo da akwatin gilashi da wasu 'yan kifaye a leda, jajaye da masu ruwan zinare. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Mutumin da ya kora garke ne za ki kawo wa kifin da bai isa miya ba?"

Ta ce, "Yaya, kai dai ajiye masa a baranda."

Ashe ta fi ni gaskiya. Ba a jima ba Baffa ya fara cewa a fito da shi da hantsi. Da hannunsa mai lafiya yake barbaɗa musu abinci, yana yi musu irin kiran da yake yi wa shanu. Bai taɓa ƙirga su ba, amma ya san wadda ke ture 'yan'uwanta da wadda ke raɓewa bayan dutse. Idan suka ci, sai shi ma ya ce a miƙo masa ƙwaryarsa.

Da damina ta kankama, gari ya yi sanyi, shi ya fara lura. Da yake ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana. Ya ce, "Kai, jar nan ba ta kiwo."

Na duba. Jikinta duk fararen ɗigo kamar an watsa mata tsaki, tana goga kanta a jikin dutse. Wasu biyu ma sun fara. Na ɗauki hotonsu na tura wa mai sayar da kifin a Kano, na kira shi. Ya ce ƙwayar cuta ce da ke manne musu a fata, sanyi ke ba ta ƙarfi, kuma ana warkewa. In riƙa rage ruwan ina ƙara mai ɗan ɗumi, in sa gishiri kaɗan, zai ba direban motar Rogo wani shuɗin magani ya kawo mini. Ya ƙara da cewa, "Don Allah, Alhaji, kada ka zuba komai bayan wannan."

Na yi yadda ya ce. Washegari ɗaya ta mutu, motar kuma ta lalace a Karaye, ba magani ba labarinsa. Baffa ya ture furarsa. Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na ce yo shi wannan ɗan birnin me ya sani game da dabba? Mu da muka tashi muna gani, in saniya ta ƙi kiwo, gashinta ya tashi, kanwa Baffa ke jiƙa mata, kwana kaɗan ta miƙe. In gishiri na yi, ai kanwa ta fi shi. Na shiga kasuwa na sayo jar kanwa mai kyau, na jiƙa a kofi. Baffa na barcin bayan azahar na tuttula musu, har ina jin daɗin kaina.

Wayyo Allah! Ko kofin ban ajiye ba suka haukace. Suna zabura, suna dukan gilashi, suna tasowa sama baki buɗe. Na rarumi bokiti ina kwashe ruwan ina zuba sabo, ina ta salati. Ina! Kafin la'asar duk sun juya ciki sama. Daga baya mai kifin ya ce kanwa ƙone musu wurin numfashi take yi.

Ina tsaye jiƙe sharkaf na ji Baffa yana ƙwanƙwasa sandarsa, a fito da shi. Na so in ce masa iska ake yi a waje, sai na fasa. Na tallafo shi na zaunar a kujerarsa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa hannu ya tsoma yatsa a ruwan, ya kai bakinsa.

Ya ce, "Kanwa."

Na durƙusa. Na ce, "Baffa, ni ne. An hana ni, na ƙi ji."

Ya girgiza kai. "Ai abin da na koya maka ka yi. Da ina da ƙafa, da ita zan ba su."

Wallahi da ya ɗaga sandar nan ya sauke mini ita a gadon baya da ya fi mini sauƙi. Laifina ne ni kaɗai, gaggawata ce da raina maganar mutane, amma tsohon nan ya ɗauke ya ɗora wa kansa.

Maganin ya iso washegari da safe. Ƙanwata ta sake sayo wasu kifayen, har sun fi na farko kyau. Muka wanke akwatin, muka zuba su, muka fito da Baffa. Na miƙa masa gwangwanin abincinsu. Bai karɓa ba.

Ya ce, "Allah ya yi muku albarka. A nemo wanda ya iya, kada su ma in kashe su."

Sannan ya miƙo mini hannu ya ce in mai da shi ɗaki.