Kanwa Ta Kore Mu Daga Bakin Bangu

Lahadi: Filinge zuwa Baleyara

Ƙarfe biyar saura kwata na fita gida da igiyar awo da cebur, bayan kaka, a shekarar da sojoji suka mai da mulki hannun farar hula. Ni magini ne, shekara ashirin ina ginin tubalin ƙasa mai rufin guga, kamar tukunya a kife, wanda ba ya cin itace ko ɗaya. Ma'aikatan gandun daji ne suka kira ni in fitar da tushen gidan baƙi a bakin wani tafki kudu da Baleyara, inda za a riƙa sauke masu zuwa kallon tsuntsaye. In aikin ya tabbata, magina takwas na unguwarmu sun samu abin yi duk rani, ba sai sun tafi ci-rani ba.

A tasha na tarar da Idi mai walda, taubashina, ya riga ya kama kujerar gaba. Ba wanda ya gayyace shi. Ya ce ya zo ne ya ga inda tukunyata za ta rushe, ya sai da musu kwano da tagogin ƙarfe.

Mun tashi biyar da rabi. Kafin Bonkuku jandarmomi suka tsai da mu duba takardu. Ɗayansu ya daɗe yana kallon hoton Idi, yana kallon Idi, don a hoton akwai gashi. Na shaida cewa shi ne, na ƙara da cewa asarar ba a kai kaɗai ta tsaya ba. Ƙarfe takwas da 'yan mintoci muka shiga Baleyara, kilomita tamanin da wani abu, ranar kasuwa, raƙuma sun tare rabin hanya. Muka ci kopto, kwaɗon zogalen Zabarmawa, muna jiran motar gandun daji.

Lahadi da la'asar: Bangu

Motar ta zo da Madam Rakiya, wadda ta zana gidan, 'yar Yamai, ba ta kai talatin ba. Awa biyu muka yi cikin yashi da goruba. Mutanen wurin Bangu kawai suke ce wa tafkin. Muna isa garken kirinjijiya ya tashi, ga gauraka biyu a tsaye cikin ruwa. Idi ya tambayi shugaban masu gadin wurin ko ana ɗan taɓa su ranar salla. Kallon da ya samu ya ishe shi har magariba.

Madam ta shimfiɗa takardarta a kan mota. Zaure ɗaya babba, ɗakuna uku, tagogi ƙanana suna duban ruwa, babu gilashi don ƙyallinsa na firgita tsuntsu. Ba a sare goruba ko ɗaya. Ta riga ta kafa turaku taki arba'in daga ruwa, wuri shimfiɗaɗɗe, busasshe. Ta tambayi ra'ayina. Na taka ƙasar, na murza ta a hannu kamar mai binciken zinariya, na ce madalla. Muka kwana a rumfar masu gadi, mu da sauron Bangu, wanda ya fi son Idi.

Litinin: Inna Gambi

Ƙarfe bakwai na ja igiya na fara haƙa. Wata tsohuwa ta zo wucewa da ƙwarya a kai, ta tsaya, ta sauke ƙwaryar don ta ji daɗin kallo. Aka ce sunanta Inna Gambi, sana'arta dafa kanwa. Ta tambaya da Hausarta mai gardin Zabarmanci ko rijiya muke yi. Da aka ce gida ne, ta yi dariya har ta zauna.

"Magini, lasa ƙasar nan," in ji ta.

Na lasa. Ɗaci da gishiri suka cika mini baki. Ta ce a nan take kankare kanwarta tun tana amarya. Da rani kanwa kan hau bango ta cinye gindinsa kamar gara. Ta ja mu wurin wata goruba, ta nuna zoben laka a jikinta, daidai ƙirjina. Nan ruwa yake kaiwa shekarar da damina ta yi kyau.

Madam ta dubi turakunta. Ta ce da rani ta zo awo, kuma masu ba da kuɗin sun riga sun sa hannu a kan wannan wuri. In ta koma ta ce ta yi kuskure, suna iya ba wani aikin, ya zuba siminti. Ta juyo ta tambaye ni ko ginin zai iya jurewa. Na tuna mutum takwas da ke jirana a Filinge. Da na ce zai jure, da yau muna cikin aiki, kuma har shekara uku ba wanda zai gane.

"Madam, ba ya jurewa," na ce. "Jiya ma kunyarki na ji, ban duba da kyau ba."

Idi ya ce wannan ne karo na farko da ya ji gaskiya a bakina, a rubuta ranar. Sai kuma ya ƙara da cewa ko ƙarfensa kanwar nan za ta cinye, kada kowa ya yi tunanin kwano zai cece shi. Ban taɓa jin ya kushe hajarsa ba sai ran nan.

Inna Gambi ta kai mu wani tudu, taki ɗari uku baya. Daga can tafkin gaba ɗaya yake a buɗe, kuma burtalin shanu bai ratsa wurin ba. Muka zauna har azahar muna gyara takarda. Tushe na dutse daga gefen tsauni, har gwiwa. Ƙasar tubali daga tudu, kowane rami sai an lasa. Rumfa ta kaba, matan ƙauyen za su saƙa. Madam ta rubuta sunan Inna a ƙasan zanen. Tsohuwar ta ce ita a biya ta da inuwa, a bar mata benci ɗaya a zaure.

Talata: komawa

Ƙarfe shida muka bar Bangu. A Baleyara Madam ta samu waya ta kira ofis, mu kuma muna jira a gindin bishiyar bedi. Ta fi rabin awa. Ta dawo ta ce sun yi faɗa, sun kuma yarda, a fara bayan wata ɗaya. Idi ya samu aikin ƙofofi biyar da indararo, ya ce ba don halina ba.

Biyar da kwata na shiga gida. Ina ba maiɗakina Hajo labari a tsakar gida, ina bayyana mata yadda kanwa take cin bango, sai ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗakin girki. Gindin bangon ya zube, ga farin gari a jikinsa. Shekara shida ina cewa awakinta ne suke lasa, har ta sai da biyu saboda mitata. Na durƙusa na ɗanɗana. Hajo dai ta miƙo mini cebur.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu lafiya. Na gode wa Madam da Inna Gambi da masu gadin Bangu. Awakin Hajo kuwa, waɗanda suka rage, ina neman gafararsu.