Shanun Kawu da Jan Fensirin Edita

Ranar Laraba ce, bayan sallar la'asar, a kakar shekarar da aka samu mulkin kai. Muna zaune a rumfar tela da ke bakin kasuwar Bagudo, domin shi kaɗai ke da akwatin rediyo a unguwarmu. Akwai ni, akwai kawuna, ƙanen mahaifiyata, akwai telan, wanda taubashin kawu ne, sai waɗansu fatake 'yan Dendi da suka ƙetaro daga Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin. Kawu ne fatomansu. A gidansa suke sauka, a ɗakunansa suke barin manja da goro da gishiri, su wuce Kamba ko Zagga, su dawo su tarar da kayansu yadda suka bari. Sana'arsa ke nan, jarinsa kuwa yardar mutane.

Hutu na zo daga Kaduna, inda nake aikin fassara da karanta labaran duniya a gidan rediyo. A ranar za a karanta ƙagaggen labarina na farko, a wani fili na minti goma sha biyar, shi ya sa na tara su.

Ni na ƙaga labarin, amma ƙashin bayansa na kawu ne. Tun ina ƙarami wani maƙwabcinsa ya tashi zuwa Makka a ƙasa, tafiyar da kan ci shekaru, ya bar masa amanar shanu biyu. Ana nan sai cutar bushiya ta shigo garin, shanu suna faɗuwa a turke. Kawu bai shawarci kowa ba, ya kora shanun nan ya ƙetare kogin Kwara da su, ya kai su rugar wani amininsa Bafulatani a cikin Dahome, inda cutar ba ta kai ba. Ya dawo hannu sake. Gari ya ɗauka cewa ya sayar da shanun amana a ƙasar Faransa. Bai tanka wa kowa ba. Ranar da alhajin ya dawo, kawu ya sake ƙetarewa, ya koro shanun da 'ya'yan da suka haifa, ya tsayar da su a ƙofar gidan mai su.

Kafin in sa alƙalami na nemi izninsa. Ya ce, "In za ka hwaɗi, ka hwaɗi duka." Na ce to.

Na sauya sunaye, na mai da shi masunci. Da na kai wa editan filin, sai ya dawo mini da rubutun da jan fensir a gefen shafin farko, ya ce shi bai ga shanun ba, in sa mai sauraro ya gan su da kunnensa. Gyara ne mai kyau, na kuma karɓa. Na sa jar saniya guda, da fara mai karyayyen ƙaho, na sa mashigin da aka bi da su. Na san duk wanda ya girma a Bagudo zai gane kawu, ban damu ba, tunda ƙarshen labarin yabonsa ne. Na karanta shi a fili da agogo a hannu, na rage abin ragewa har ya zauna daidai cikin lokacinsa, sannan na miƙa na kama hanyar gida.

Aka buga taken filin, mai karatu ya fara. Da aka zo kan fara mai karyayyen ƙaho, tela ya daina taka kekensa, ya dubi kawu.

"Kai, bawana, ashe har Kaduna an san ka? Yau ga ɓarawon shanu cikin akwati!"

Kawu ya ce, "Rufe baki, mai ɗinka wando ƙafa guda ta ɗara guda. Jira ka ji ƙarshe."

Fataken suka yi dariya. Babbansu, wani dattijo mai jin Hausa sosai, yana juya wa sauran da Dendanci. Labari ya kai inda masuncin ya dawo hannu sake, mata suna nuna shi da baki a bakin rijiya. Na san saura shafi guda, shafin dawowar alhaji. Sai na ji mai karatu ya sauke murya ya ce, "Allah Ya raba mu da cin amana." Wannan jimla ba tawa ba ce. Aka buga take, aka shiga sanarwar rangadin wani minista.

Tela ya jijjiga akwatin, ya ce, "Batir na ko ƙarewa yay yi?"

Dattijon fataken ya tsaya da fassara, yana duban kawu.

Na miƙe na ce labarin bai ƙare ba, an yanke shi ne, na faɗi sauran da bakina. Tela ma ya bar wasa, ya rantse cewa da idonsa ya ga shanun sun dawo. Dattijon ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce da ni, "Malam, mun ji naka. Kai ɗan 'yar'uwatai ne, wanga kuwa taubashinai. Amma akwati bai hwaɗi haka ba."

A lokacin, abin da rediyo ya faɗa ya fi rantsuwar mutum goma. Alhajin mai shanun kuwa ya riga mu gidan gaskiya.

Kawu ya sa takalmansa. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ɗana, mi nic ce maka?" Ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba.

Ban ƙarasa hutun ba, na koma Kaduna. Na tarar da editan a teburinsa, rubutuna yana cikin tire, shafin ƙarshe an ja masa jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sami ƙarshen labarina?"

Ya ce sanarwar minista ce ta shigo da safe, aka ci masa minti biyu. "Ka san aikin, Malam. In lokaci ya ƙure, daga wutsiya ake yanka."

Na san aikin. A ɗakin labarai haka aka koya mana duka: abu mafi muhimmanci a sama, mai bi masa a ƙasa, yadda in aka datse gindin takarda ba a yi asarar komai ba. Wannan daidai ne ga farashin gyaɗa da zaman majalisa. Ƙagaggen labari kuwa kunama ne, ƙarfinsa a wutsiya yake. Da ya so, akwai bayanin kasuwa a tsakiya, akwai doguwar gaisuwar masuncin da Bafulatani, da ya cire su ya sami minti biyunsa ba wanda ya ji ciwo. Sai dai yin haka yana bukatar mutum ya karanta abin da zai gyara.

Na tambaye shi ko ya karanta shafin da ya soke. Ya ce ya karanta farkon, ya ga inda labarin ya dosa. Wato mutumin da ya sa ni in zana shanun nan har kowa ya gane mai su bai taɓa sanin sun dawo ba. Ya ga labari ya tsaya ba rufi, sai ya ɗora masa addu'a daga kansa, ya yanke wa kawu hukunci da jimla guda.

Na gaya masa abin da ya faru a Bagudo. Ya kishingiɗa ya ce, "To ai ƙage ne. Wa ya ce su ɗauka da gaske?" Mutumin da albashinsa ya dogara ga mutane su gaskata abin da ya fito daga akwati, shi ke tambayata haka. Na roƙi a maimaita labarin cikakke, ko a karanta shafin nan kaɗai. Ya ce jadawalin ya cika da shirye-shiryen mulkin kai, in kawo wani sabo, amma gajere.

Na yi shekaru bayan haka ina gyara rubutun waɗansu, na yanke da yawa, wani lokaci marubucin yana tsaye a kaina yana huci. Ban taɓa sa fensir a takarda ba sai na kai ƙarshenta. Ba na kiran wannan gwaninta, mafi ƙarancin haƙƙin mai rubutu ne, kuma shi aka hana ni. Har yau in na tuna jan layin nan sai in ji raina ya ɓaci kamar a ranar.

Ba a taɓa karanta shafin a rediyo ba. Da rani ya shigo, fataken Dahome suka koma sauka a wani gida can gefen kasuwa, kawu kuma ya zuba shinkafar da ya noma a ɗakunan baƙin.