Goyon Inna Zuwa Bakin Titi

Ana idar da sallar asuba muka bar Kafin Maiyaki, ni da ƙanena, a wata tsohuwar bas mai tari kamar mura ta kama ta. Doguwa muka nufa, can cikin duwatsu inda Inna ke zaune a gidan ƙaninta. An aiko cewa ƙafarta ta kumbura, ga rafi ya kawo, babur ba ya shiga ƙauyen. In ba a kai ta asibiti ba, ƙafar za ta iya lalacewa.

Ni tela ne, a zaune nake neman abincina. Amma tun daminar bara da na ga yadda ruwa ke raba ƙauyen da titi na soma horar da jikina. Kullum da sassafe nakan saɓa buhun masara in zaga gonakin bayan gari, maƙwabta na dariya wai tela ya koma ɗan dako. Da farko ko ruku'u sai da dabara. A hankali numfashi ya daidaita, kafaɗa ta yi kanta, ƙafa ta daina ƙorafi.

A Tudun Wada mai gasasshiyar masara ya faɗi kuɗi, na tambaye shi ko har da gonar yake sayarwa. Muka ratsa dajin Falgore, ko'ina kore shar, shanu na tare mana hanya ba ko gaisuwa. Inda mota ta tsaya muka kama sawu, muka haye rafi ruwa iya ƙugu, muka isa gidan.

Abin da ban shirya masa ba shi ne kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta hau bayana. Ta kau da kai ta ce wa ƙanena, “Kai za ka ɗauke ni, ba wancan ba.”

Ya ɗauka. A hawa na farko ya durƙusa yana haki. Wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta ce, “Inna, yau dai a ajiye kunya, ƙafa ta fi.” Inna ta hau bayana, Bafulatanar ta ɗaura min zane da majanyi, ta ce in ɗaga goyon sama, in rage taku.

Wallahi na ji daɗin jikina ranar! Hawa ya zo na hau, rafi ya zo na shiga, cinyoyin nan ba su ba ni kunya ba. Muna isa bakin titi muka sami mota zuwa asibiti.

Likita ya duba ya ce mun zo a kan lokaci. Muka kwana biyu, muka dawo gida Kafin Maiyaki da ita tana dogara sanda. Na koyi cewa jiki yana karɓar abin da aka saba masa, kuma tun kafin ranar buƙata ake saba masa.

A ƙofar gida ta tsaya, ta dubi ƙanena ta ce, “Ka gaya wa wancan, Allah ya ba shi mai goya shi.”